Bayan Guɗa, a Koma a Auna



Kowa a cikinmu ya taɓa zuwa bikin sabon abu. Ran da aka kawo sabon famfo a gari, ko sabon injin ban-ruwa, ko sabon irin shuka, akan share fili, a shimfiɗa tabarmi, a jera wa manyan baƙi kujeru. Makaɗa su zo, mata su yi guɗa, a yi jawabi, a ɗauki hoto. Kafin la'asar motoci sun tashi, ƙura ta lafa. To, bayan shekara guda wa yake komowa ya tambaya ko abin nan yana aiki? Wa yake tambaya nawa ya ci, nawa ya kawo? Galibi babu kowa. In abin ya mutu sai a jingine shi bayan ɗaki, kaji su riƙa kwana a kansa. In an kawo wani sabo, a sake share fili, a sake guɗa.

Hausawa sun ce amarya ba ta laifi. Haka ne, a makon biki. Amma kayan aikin da mutum ya saya da guminsa, ko ya ci bashi ya saya, tilas a zaunar da shi a yi masa lissafi bayan girbi. Ra'ayina ke nan a wannan fitowa. Kuma ina ganin ku da kuka gama ajin yaƙi da jahilci, ku ne ya kamata ku riƙe alƙalamin wannan lissafi a garuruwanku.

Darasin Arlit da Akokan

Mu fara da babban misalin da ke gabanmu a jihar Agadas. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da ƙarfen yuraniyom a Arlit a 1971. Kamfanin COMINAK ya biyo baya, ya fara haƙa a Akokan a 1978. Inda a da makiyaya kaɗai ke ratsawa da raƙumansu, sai ga garuruwa sun tashi. Aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit. Aka jawo wutar lantarki daga gawayin Cirozerin. Mutane suka yi ta zuwa daga Maraɗi da Damagaram da Tawa neman aiki. Wasu suka buɗe garake a gefen gari, suna ban-ruwa da ruwan da ke fitowa daga unguwannin ma'aikata, suna sayar musu da salati da tumatir da kabeji.

Ranar 31 ga watan Maris 2021 COMINAK ya rufe, bayan shekara 43 yana aiki. An san abin da ya fitar: wajen tan 75,000 na yuraniyom. An san wannan lamba sarai, domin kowace ganga sai an ɗora ta kan sikeli kafin ta bar Akokan. Amma lissafi yana da wasu shafuffuka. Akwai tulin dusar dutse wajen tan miliyan 20 da aka bari a bayan gari, mai fitar da tururin guba wanda ido ba ya gani, wanda sai an lulluɓe shi da yumɓu da duwatsu. Akwai ma'aikata wajen 600 da aikinsu ya ƙare, ban da na ƙananan kamfanoni masu kwangila. Akwai ruwan ƙarƙashin ƙasa da aka yi shekaru ana ja. Akwai kuma mai garka wanda masu sayen salatinsa suka kwashe kayansu suka koma gida.

Ku lura da wani abu. A 2003 wata ƙungiya ta mutanen Arlit mai suna Aghirin'man ta gayyato masu bincike na CRIIRAD daga Faransa. Suka tarar da tsofaffin ƙarafan ma'aikata masu ɗauke da guba ana sayarwa a kasuwa, ga shi kuwa da irinsu mutane ke gini da ƙira. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta yi awo a titunan Akokan, ta sami wuraren da tururin ya wuce kima ƙwarai. Bayan an bayyana sakamakon, aka kwashe ƙasar waɗannan wurare. Kamfani yana da nasa ma'aunai tun da farko. Amma awon da mutanen gari suka nema da kansu, sai da aka yi shekara 30 da wani abu ana haƙa kafin a yi shi.

Darasi biyu ke nan. Na farko, mai kaya yakan auna abin da ya dame shi, saura kuwa sai wanda abin ya shafa ya tashi ya auna. Na biyu, abin da aka auna aka rubuta aka karanta a bainar jama'a, shi ake gyarawa. A watan Yuni 2025 gwamnati ta mayar da SOMAIR hannun ƙasa. Tun da kaya ya dawo gida, nauyin lissafinsa ma ya dawo gida.

Daga takarkart zuwa inji

Wani zai ce wannan maganar manya ce, ina ruwan mai fangali goma da ita? To, mu sauko garka.

A kwarurukan Azbin, kamar su Timiya da Tabelot da Iferwan, kakanni sun yi ta ban-ruwa da abin da Abzinawa ke kira takarkart. Sa ko raƙumi ke jan guga ta kan ƙwarƙwaro, yaro na kora shi, ruwa na zuba a magudana yana bin fangali. Aiki ne mai wuya, kuma ba ya shayar da fili mai faɗi. Sai injin ban-ruwa ya shigo, ya yaɗu sosai a shekarun 2000. Abin da dabba ke wuni tana ja, inji ya ja shi cikin ɗan lokaci. Garake suka faɗaɗa. Albasar Azbin ta yi suna, domin tana isa kasuwa a ƙarshen shekara, lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci, manyan motoci na kwasarta har Gana da Kodebuwa. Da matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a 2011, gaz ya samu, masu garka da yawa suka juya injinansu suka koma aiki da tukunyar gaz don rage kuɗin fetur. Bayan haka famfo mai aiki da hasken rana ya shigo.

Watau cikin ɗan zamani kaɗan an yi amare uku a garka ɗaya: injin fetur, injin gaz, da famfon rana. Kowanne an karɓe shi hannu biyu. Babu mai musun cewa inji ya sauke wa mutane wahala, ya kuma bar yara su tafi makaranta maimakon bin bayan sa. Amma mutum nawa ne za su iya buɗe littafi su nuna cewa a shekara kaza inji ya ci kaza, ya kawo kaza, rijiya kuma ta sauka gaba kaza? In ka tambayi mai garka yakan ce, "Ai bana an samu." In ka ce nawa aka samu, sai ya faɗa maka yawan buhuna. Buhu kuwa ba shi ne riba ba. Riba ita ce abin da ya rage a hannu bayan an sallami kowa.

Ga misali

Lambobin da ke tafe misali ne kawai don a gane hanyar lissafi. Kowa ya cire su ya sa nasa.

A ce mai garka yana aiki da sa, yana samun buhu 40 na albasa, yana sayar da kowane buhu jaka 15. Kuɗin da ya shigo jaka 600 ke nan. Abincin sa da iri da buhuna da kuɗin mota sun ci jaka 200. Abin da ya rage masa jaka 400.

A ce ya sayi inji jaka 150, ya faɗaɗa garka, ya sami buhu 100. Amma maƙwabtansa duka sun yi haka, albasa ta cika kasuwa a mako ɗaya, buhu ya faɗo jaka 8. Kuɗin da ya shigo jaka 800. Yanzu a cire: mai jaka 200, taki da iri jaka 150, ƴan ƙwadago jaka 100, buhuna da mota jaka 100, gyaran inji jaka 50. Akwai kuma wani kuɗi da kusan kowa ke mantawa, watau tsufan inji. In inji zai yi shekara 3 kafin ya mutu, to kowace shekara ya cinye jaka 50 daga kuɗin sayensa. Jimla jaka 650. Abin da ya rage jaka 150.

Kun ga, buhunansa sun ninka biyu da rabi, maƙwabta na yi masa barka, amma abin da ya shiga aljihunsa bai kai rabin na da ba.

To, laifin inji ne? Mu sake duba littafi. Da buhu ya tsaya jaka 15, da ya karɓi jaka 1,500, a cire 650, saura 850. Ashe inji ya yi aikinsa. Inda aka yi kuskure shi ne kowa ya shuka abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda bai rubuta ba zai tsine wa inji, ko ya tsine wa dillali, baɗi kuma ya sake yin abin da ya yi bana. Wanda ya rubuta zai ga inda ruwa ke yoyo. Sai ya rage albasa, ya ware wani gefe don tafarnuwa ko dankalin turawa ko alkama, ko ya ja lokacin dashe gaba ko baya.

Ga wata dabara mai sauƙi. Ka raba dukan abin da ka kashe da yawan buhunanka. A misalinmu, 650 a raba gida 100 ya ba da jaka 6 da rabi. Wannan shi ne kuɗin da kowane buhu ya ci maka. Duk wanda ya taya ƙasa da haka, ka san faɗuwa kake yi ko da kuɗi na shiga hannunka. Mai garka da ya san wannan lamba ba ya tsayawa gaban dillali da ka a ƙasa.

Abubuwa biyar da za a rubuta

Littafin ɗan makaranta guda da alƙalami sun isa. A ware wa kowane sabon abu shafinsa, ko inji ne, ko iri, ko taki, ko maganin ƙwari.

Na ɗaya, abin da aka yi alkawari. Ran da aka kawo kaya, rubuta abin da mai sayarwa ko malamin gona ya ce zai yi. In ya ce iri zai nuna cikin kwana 70, rubuta 70 da ranar shuka. Baki yana mantuwa, takarda ba ta yi.

Na biyu, abin da ya ci. Kowace litar mai, kowace tukunyar gaz, kowane kuɗin makanike, a rubuta a ranar. In an bari sai ƙarshen wata, rabi ya ɓace.

Na uku, kwanakin da ya kwanta. In inji ya tsaya, rubuta ranar tsayawa da ranar tashi, da abin da ya lalace, da inda aka samo kayan gyara. Injin da sai an aika Agadas ko Kano kafin a sami ɗan ƙarfensa yana iya kashe dashe cikin kwana huɗu na zafi, komai arahar sayensa.

Na huɗu, abin da ya kawo. A ƙidaya buhu ko tiya, a rubuta farashin ranar da aka sayar, a rubuta kuma abin da ya ruɓe kafin mota ta zo.

Na biyar, abin da ya yi wa rijiya da ƙasa. Nemi igiya, ɗaura mata dutse, yi mata ƙulli a kowace mita. Ranar farko ta kowane wata, da sassafe kafin a tada inji, a zura ta a ga inda ruwa yake, a rubuta. A duba fangali kuma, ko farin gishiri ya fara fitowa a saman ƙasa.

Wannan na biyar ya fi sauran muhimmanci a ƙasarmu. Rijiyoyin kwarurukan Azbin suna cika ne in ƙorama ta kawo ruwa da damina. Shekarar da ba ta kawo ba, abin da aka ja ya tafi. A wajen Arlit kuwa ruwan da ke can ƙasa tsohon ruwa ne, wanda ya taru tun zamanin da hamada take da dausayi, ruwan saman yau ba ya mayar da shi. Kamar rumbu ne da aka gada, ana ɗiba ba a zubawa. Famfon rana yana da daɗi don ba ya cin mai. Amma tsadar mai ita ce take sa hannu ya kashe inji da wuri. In babu ita, sai igiyar awo kaɗai za ta ce maka ya isa haka.

Kada kuma a gwada sabon abu a garka duka. A ware fangali biyu masu ƙasa iri ɗaya, a sa sabon iri a ɗaya, tsohon a ɗaya, a ba su ruwa da taki daidai wa daida. In ba a yi haka ba, ba za a san ko iri ne ya yi kyau ko shekara ce ta yi kyau ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Waɗanda suka koma suka duba

Famfon hannu da ake kira India, wanda ke garuruwa da yawa a ƙasarmu, ɗan irin wannan lissafi ne. A farkon shekarun 1970 an haƙa rijiyoyin burtsatse masu yawa a ƙauyukan Indiya, aka kafa musu famfuna. Da aka koma aka zagaya, sai aka tarar wajen uku cikin huɗu ba sa aiki. Dalili kuwa, an ƙera su ne don gida guda, ga shi gari guda ke bugawa tun asuba har dare. Gwamnatin Indiya da UNICEF ba su ɓoye wannan ba. Suka zauna da maƙera aka fito da India Mark II mai jure wahala. Da aka sake dubawa aka ga gyaransa na bukatar ma'aikata da kayan ɗagawa masu nauyi, sai aka fito da Mark III, wanda mutanen gari za su iya zaro cikinsa su gyara da kansu. Da ba a koma an ƙidaya matattun famfuna ba, da har yau irinsu ake kafawa.

A gida ma akwai abin dubawa. Aikin noman ban-ruwa na Irhazer, wanda kamfanin Areva, da yanzu ake kira Orano, ya ware wa sama da miliyar 11 na sefa, bai fara da faɗin ƙasa gaba ɗaya ba. An fara da gonakin gwaji a 2013 a Agharous da Tiguirwit, aka shuka ciyawar dabbobi ta luzern da wasu amfanin gona, don a ga abin da ƙasa da ruwa za su karɓa. Wannan tsari daidai ne. Abin da nake ƙarawa shi ne, duk aikin da aka yi gwajinsa, a karanta wa makiyaya da manoman wurin sakamakonsa da harshensu: kuɗin ruwa nawa a kowace eka, girbi nawa, me ya ƙi. Sakamakon da ya kwana a ofis bai amfani mai garka ba.

Masu cewa a bari

Na san akwai masu ja da wannan magana. Wasu na cewa samu da rashi rabo ne, lissafi ba ya ƙara wa mutum buhu. Gaskiya ne ba mu ke saukar da ruwa ba. Amma mu ke zaɓen iri, mu ke zaɓen ranar dashe, mu ke sa hannu a takardar bashi. Mai raƙumi ma yakan ɗaure shi kafin ya kwanta barci.

Wasu na cewa in abu kyauta aka ba ka, rashin kunya ne ka ce bai yi ba, kuma masu bayarwa za su yi fushi su kai wani gari. Wannan tsoro ne ya sa baƙo in ya zo zagaye ake nuna masa famfo ɗaya mai aiki, a ɓoye uku da suka mutu. Shi kuma ya koma ya rubuta cewa komai lafiya, ya sayo irin wannan famfo guda ɗari ya raba wa wasu garuruwa. Kun ga kunyarmu ta cuci mutanen da ba mu taɓa gani ba. Mai bayarwa na ƙwarai ya fi son gaskiya. In an faɗa masa cikin ladabi, da rana da wata da lamba, ba zai kira shi rashin godiya ba.

Wasu kuma na cewa ba su da lokaci. Rubuta layi ɗaya da maraice bai kai tsawon shan shayi ɗaya ba.

Abin da ya rage gare ku

Ku da kuka zauna kan tabarma kuka koyi baƙi da wasali da lissafi, ga inda karatunku zai biya ku. Kowace ƙungiyar masu garka ta zaɓi mutum biyu masu rubutu, in da hali mace ɗaya namiji ɗaya, domin mata sun fi sanin abin da ya shiga tukunya da abin da ya ruɓe a ɗaki. A sa rana tun yanzu, mako biyu bayan an kwashe albasa. A zauna a inuwa ɗaya da aka yi guɗa, a buɗe littattafai, kowa ya karanta nasa. A tsai da magana kan abu uku: wanda za a ci gaba da shi, wanda za a gyara, da wanda za a bari. A rubuta kofi biyu, ɗaya ya zauna a gari, ɗaya a miƙa wa malamin gona ya kai gaba, har ya isa ga masu binciken iri na INRAN da masu shigo da injuna.

In gari goma suka kawo takarda goma duka suna cewa inji kaza ba ya wuce shekara guda, ɗan kasuwa zai daina kawo shi. In suka ce iri kaza ya jure zafi, kowa zai neme shi ba tare da an yi masa kiɗa ba.

A nemi igiyar awo tun wannan mako, a zura ta rijiya ranar ɗaya ga wata mai kamawa. Allah ya ba mu rani mai albarka. Sai fitowa ta gaba.